Ranar da Zalɓe Ya Dawo

Yejide na riƙe da gwiwar hannun mahaifinta, suna hawan matakalar asibitin ƙoda, sa'ad da wayarta ta soma ruri a cikin jaka. Ba ta kula ta ba. Alhaji Lamidi ya tsaya a tsakiyar matakalar yana mayar da numfashi, ƙafafunsa a kumbure har igiyar silifas ta nutse a cikin fata.

"Ɗauki mana, Uwata. Ofis ne ke nemanki."

Uwata yake kiranta, domin bayan rasuwar mahaifiyarsa da kaɗan aka haife ta. Ofis kuwa shi ne sunan da ya laƙaba wa sana'arta tun ranar da ya gane ko mece ce, don kada ainihin sunan ya bi ta bakinsa.

"Ofis zai jira, Baba. Ɗaga ƙafar."

"Ina ɗagawa. Ita ce yau ba ta jin Yarabanci."

A bakin ɗakin wankin ƙoda Sista Adunni ta tarye su. Ma'aikaciyar jinya ce gajera mai babbar murya, wadda ta saba da tsohon har wasa ya shiga tsakaninsu.

"Ango ya iso! Hau sikeli mu ga ta'asar da ka yi." Ta duba, ta riƙe haɓa. "Ango, wannan ruwa duk daga ina? Tekun Legas ka shanye?"

"Amarya, miyar ewedu ce, cokali biyu."

"Cokali ko ludayi?"

"Tambayi Uwata, ita ce 'yar sandan gidan."

Aka kwantar da shi a kujerar da ke kusa da taga. Jijiyar hannunsa na hagu ta daɗe da toshewa, don haka a na dama ake soka masa alluran nan biyu masu kauri, a liƙe su, a bar hannun a shimfiɗe kamar ba nasa ba. Yejide ta tsaya har ta ga jini ya bi roba ya shiga na'ura, sannan ta fita baranda ta zauna a bencin masu jira.

Kuɗin wankin daga fanshonsa na tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa yake fitowa, cikon kuma daga yayanta da ke Ibadan. Tsohon ya faɗa sau ɗaya, bai kuma maimaita ba, cewa ko kwabon ofis ba zai shiga jininsa ba. Lokacinta kawai yake karɓa.

Sana'ar caca ce, wasan karta da ake kira foka, ta intanet, a teburan da manya ke zama. Da can ma'aikaciyar lissafi ce a wani kamfanin inshora a Marina, aikinta ta auna yiwuwar gobara da haɗarin mota. Da kamfanin ya durƙushe sai ta tarar lissafin nan yana da wata kasuwar. Wasan ba shi da wuyar bayani. Ana ba kowa kati biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiyar tebur bi da bi. A kowane mataki mutum ya zuba kuɗi, ko ya biya abin da aka zuba, ko ya yar da katinsa ya haƙura. Wuyar tana wajen sanin abin da ke hannun mutumin da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Ta kira lambar da ta neme ta. Nduka ne, abokin karatunta tun jami'a, wanda yanzu ke da shagunan tayil a kasuwar Orile. Shi da abokan cinikinsa biyu ne suka zuba jarin da take wasa da shi, ana raba riba.

"Farfesa! Na zaci kin tsallaka Kwatano."

"Da wane kuɗin motar? Ina asibiti da Baba."

"Ayya. Yaya jikin nasa? Ki gaishe shi." Ya daka wa wani tsawa a kan kwalayen da ake saukewa, sannan ya dawo, muryarsa ta yi ƙasa. "Jiya na zauna da mutanena. Farfesa, sun gaji."

"Na tura maka wasannin duka. Ka ba duk wanda ya san abin ya duba. Ba kuskure nake yi ba, kati ne ya juya baya."

"Ni kike gaya wa? Ni ai na yarda. Amma abokin cinikina Obiora tayil yake sayarwa. In kaya suka fashe a mota direba yake kora, ba ya zuwa ya yi wa kwalta tambayoyi."

"Bara da ake raba riba bai nemi bayani ba."

"Wa ke neman bayanin riba?" Nduka ya yi 'yar dariya maras daɗi. "Ga yadda aka tsaya. Abin da ya rage zai ishe ki zama ɗaya a babban tebur, ko ba haka ba? To, ko ki bar shi yadda yake, mu raba da yamma kowa ya kama gabansa, ko ki nuna musu wani abu kafin in rufe shago. In ya tafi, ya tafi ke nan, babu ƙari. Iyakar abin da na iya samo miki ke nan."

"Wuni ɗaya ba ya nuna komai, Nduka. Wata ɗaya ma ba ya nunawa."

"Na sani, malamar lissafi. Su ne ba su sani ba." Sai ya juya zancen. "Mai riƙe mini lissafin shago ya koma ƙauyensu. Kujerar na nan, har da fanka."

"Har da fanka," in ji ta, ta kashe wayar.

'Yan wasa suna kiran irin wannan lokaci gangare. Mutum zai yi komai daidai, ya shiga da katin da ya fi, ya yar da wanda ya kamata a yar, amma kati na ƙarshe ya yi ta faɗowa a gefen abokin karawarsa, yau, gobe, jibi. Lissafi ya ce in aka daɗe ana yi komai zai koma mazauninsa. Bai dai faɗi ranar ba. Ta taɓa shiga gangare ta fita, amma wannan ya faro tun kafin azumi, ga shi har an yi babbar salla an manta. Ba asarar ce ta fi cin ta ba. Abin da ke hana ta barci shi ne, wanda ke cikin gangare da wanda basirarsa ta ƙare duk magana ɗaya suke yi, kuma kowannensu da gaske yake.

Tana da doka: ba ta wasa sai a ɗakinta na Ebute Meta, ƙofa a rufe, batirin wuta a cike. Ta buɗe kwamfutar a cinyarta ne don kawai ta yi wa teburan kallon ƙarshe, kamar mai zagaya ɗakunan gidan da zai tashi daga cikinsa. Sai ta ga zalɓe.

Hoto ne ƙarami na zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya, a gefensa tutar Finland. Sunan da mutumin ke amfani da shi tarin baƙaƙe ne da ba sa furtuwa, don haka Zalɓe take kiransa a ranta. Shekara da shekaru suna karawa su biyu rak a tebur ɗaya, ba ta san sunansa ba, shi ma bai san ko mace ce ba. Amma ta san shi fiye da yadda ta san maƙwabtanta. A wasan intanet babu fuska, babu gumi, babu rawar hannu. Abin da ake karantawa shi ne jinkiri da gaggawa, da yawan abin da mutum ya zuba. Zalɓe ya toshe wannan ƙofa tuntuni. Ko kati mai kyau gare shi ko burga yake yi, jinkirinsa ɗaya ne, kamar yana ƙirgawa a zuci kafin ya taɓa maɓalli. Kuɗin da yake zubawa kullum cif-cif ne, babu ɓurɓushi. In an tashi, ko ya ci ko an cinye shi, zai rubuta kalma huɗu: wasa ya yi kyau. Ya ɓace daga teburan tun farkon damina, kuma sai yanzu da ta gan shi ta gane ta yi kewarsa.

Da wani baƙon suna yake karawa. Ta tsaya kallo.

Ba ta daɗe ba ta gyara zama. Jinkirin nan ya tafi. Wani lokaci ya danna nan take, wani lokaci ya yi ta jan lokaci a kan abin da ba ya bukatar tunani. Kuɗin da yake zubawa sun zama lambobi birkitattu, kamar yatsa na zamewa zuwa maɓallin da ke kusa. Can kuma, a tsakiyar zagaye mai nauyi, ya yi tsit har lokacinsa ya ƙare, na'ura ta yar masa da katin da ƙarfi.

Ta fara zaton ya sayar da sunan ne, wani ke zaune a bayansa. Amma da ya ci wani zagaye da burga sai ya buɗe kati ɗaya kacal ya nuna, ya ɓoye ɗayan, tsokanar da ba ta taɓa ganin wani ya yi ba sai shi. Shi ne. Ta yi zaton giya, amma mai maye ba ya yanke shawara irin wannan. Tunanin lafiya lau yake. Abin da ke isar da tunanin ne ya sami matsala. Ya sake yin tsit ɗin nan har lokaci ya ƙare. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango ba tare da ta san dalili ba.

"Anti Yejide!" Sista Adunni ce ta leƙo. "Angona na kira. Ya ce wayarsa ta yi masa tawaye."

Ta shiga da kwamfutar a hammata. Ta tarar da tsohon yana ta fama da wayar da hannun hagu, gira a haɗe.

"Bassey nake nema, sau biyu ina samun mai sayar da gas. Har ya tambaye ni tukunya nawa."

"Yatsanka ne ke zamewa, Baba. Kawo. Me za ka gaya wa Mista Bassey?"

"Zagi zan yi masa." Mista Bassey abokinsa ne tun suna aikin jirgin ƙasa, kuma abokin wasansa na ayo, wasan 'ya'yan itace da ramuka da suke yi a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidansa. "Mutumin da shekara talatin yana cinye ni yana yi mini waƙa. Tun da na kwanta ciwo, kullum ni ke ci. Kullum! Ranar Lahadi ina kallo ya ga ramin da zai kwashe, ya kau da kai yana tari. Ni zai yi wa sadaka? Na ce masa ya riƙe allonsa sai ranar jana'izata."

"Ango, bar zancen jana'iza, ban gama cin sadakina ba," in ji Sista Adunni daga gadon da ke gefe.

Na'ura ta yi ƙara. Robar awon jini da ke ɗaure a damtsensa na hagu ta soma kumbura da kanta, kamar yadda take yi lokaci-lokaci har a gama wankin. Tsohon ya saki wayar a ƙirjinsa, ya miƙe hannun, ya zuba wa silin ido. Dama a ɗaure da allura, hagu a matse da roba. Na ɗan wannan lokaci ba shi da hannu ko ɗaya. Robar ta saki iska, ya sake lalubar wayar.

Yejide ta tsaya da hannu a miƙe, ba ta karɓi wayar ba.

Ta buɗe kwamfutar a bakin taga. Baƙon ya kwashi abin da ya samu ya gudu, Zalɓe na zaune shi kaɗai, kujerar da ke gabansa babu kowa. Mutum ne mai wasa da hannun da bai saba da shi ba. Mutum ne da wani abu ke riƙe masa wannan hannun ma, a kan lokaci, ba da zaɓinsa ba. Ba lalle ba ne ƙoda. Asibiti dai asibiti ne. Karatun mutum ba tabbas ba ne, rinjaye ne kawai, amma da rinjayen da bai kai wannan ba ta sha tura kuɗin mota sabuwa tsakiyar tebur.

Ta duba sauran teburan, sai ta ga abin da ya cike mata hujja. 'Yan ƙasarsa uku na nan, tsofaffin hannu, mutanen da ke jin ƙamshin rauni daga nesa. Duk suna ganin kujerar. Babu wanda ya zauna.

"Uwata, kin tafi ina? Bassey fa?"

"Ga shi, Baba." Ta danna masa lambar, ta sa masa wayar a kunne. Ta fito tana jin yana cewa, "Kai, tsohon banza, kana raye?"

Azahar ta yi. Ta yi alwala a famfon baya, ta shimfiɗa ɗankwalin da take ajiyewa a jaka a lungun da mata ke salla. Ta roƙa wa mahaifinta sauƙi, ta roƙa wa mahaifiyarta rahama. Karta kuwa ba ta taɓa sa ta a addu'a ba, ko a ranar ci ko a ranar asara. Akwai kunyar da ba ta rabu da ita ba. Ta ɗan jima a zaune bayan sallama, tana kallon tafin hannunta.

Da ta koma benci kujerar na nan yadda take. Ta so ta gaya wa kanta cewa maganar Baba ce ta bi, cewa raga wa mara lafiya wulakanci ne. Amma ta daɗe tana karanta masu burga, ba za ta kasa gane tata ba. Ta ga mutum ya yi rauni, ita kuma tana bukatar abin da ke gabansa kafin Nduka ya rufe shago. Ta ɗauki abin da ya rage duka, ta zauna.

Ta yi wasan kamar yadda ta iya. Ta daina karanta jinkirinsa tunda ya daina nufin komai, ta koma karanta agogon bango. Ta riga ta gane tazarar da ke tsakanin tsit ɗinsa. In lokacin ya kusa, sai ta ja zagayen, ta kumbura abin da ke tsakiya, ta zuba mai yawa daidai sa'ad da take zaton roba ta kama damtsensa. Karo na farko lokacinsa ya ƙare, kuɗin suka gangaro gefenta, alhali ba ta da komai a hannu. Karo na biyu ma haka. Duk abin da ta ci sai ya cike gurbinsa daga aljihu, tarinsa bai taɓa gaza nata ba, kuma bai tashi ba. A tsakanin haka yana wasa da kyau, har ya kama ta tana burga sau ɗaya, ya nuna mata kati guda.

Wata mata ta zauna kusa da ita da kular abinci, ƙamshin amala ya cika barandar. Aka turo wani a keken marasa lafiya aka wuce. Wuyan Yejide ya ƙage, idanunta na yaji. Tarin da ke gabanta ya soma kama da abin da za a iya nuna wa Obiora, amma ba ta ji komai game da shi ba, sai nauyin da ke tsakanin kafaɗunta.

Sai aka ba ta sarakuna biyu.

Ta ƙara, ya biya. Aka buɗe uku a tsakiya: sarauniya, tara, huɗu. Ta zuba, ya biya. Aka buɗe na huɗu, biyu ce, katin da ba ya amfanar kowa. Ta sake zubawa. Bai ɓata lokaci ba ya turo duk abin da ke gabansa.

Ta dubi allon. Zalɓen da ta sani ba ya yin haka sai da dalili. Amma ba ya yin haka da gaggawa, kuma maɓallin tura duka yana maƙwabtaka da na biya. Ko yatsa ne ya zame, ko gajiya ce ta sa yake so a ƙare. Ta bi duk katunan da zai iya riƙewa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take bin takardun haɗari a Marina, ta ga waɗanda suka fi nata ba su da yawa. Shawarar ba ta da wuya. In ta biya ta ci, ta kuɓuta, da ita da kujerarta. Ta biya.

Katunan suka buɗe. Bakwai biyu ne gare shi.

Ta karanta shi daidai. A cikin katunan da suka rage biyu ne kawai za su cece shi, sauran bakwai ɗin nan biyu. In aka maimaita wannan zagaye sau ashirin da biyu, sau ɗaya zai ci. Ta kai hannu ga wayarta, lambar Nduka na sama.

Kati na biyar ya faɗo. Bakwai.

Tarin ya zame zuwa gefen zalɓen a hankali, babu ƙara, gabanta ya koma fili. Matar da ke kusa da ita tana ta kankare ƙasan kula da cokali.

Yejide ta jira abin da ta saba ji: zafin asara, da muryar da ke lissafa mata sau nawa aka yi mata haka tun kafin azumi. Ta jira, bai zo ba. Sai ta ji kafaɗunta sun sauka da kansu, ta ja numfashi har ƙasan ciki, irin wanda ta manta rabonta da shi. Ta jingina kanta da bango.

Rubutu ya fito a gefen allon, a hankali, da kurakurai, ana gogewa ana gyarawa.

"Wasa ya yi kyau. Ban cancanci wannan ba, ka sani. Ina asibiti, hannu ɗaya gare ni. Mutanenmu sun daina zama da ni tun da suka ji. Na gode da ka zauna, ka kuma buga da gaske."

Ta rubuta, "Na sani." Ta dubi kalmomin biyu, ta tuna agogon bango, ta goge su. Ta rubuta, "Wasa ya yi kyau. Allah ya ba ka lafiya." Ta tura, ta rufe kwamfutar.

Da la'asar aka cire wa tsohon alluran. Ya yi fayau, leɓɓansa sun bushe, muryarsa ta koma ƙasa kamar kullum in an gama. Sista Adunni ta ɗora auduga a kan ramukan biyu.

"Anti, danne nan da ƙarfi, kada ki saki sai na dawo. Ango, in ka sake zuwa mini da teku a ciki, saki za ka ba ni."

"Ba na saki ranar Talata," in ji shi da ƙyar.

Yejide ta zauna a gefensa, ta danne audugar da manyan yatsunta biyu. Tana jin bugun jininsa a ƙarƙashinsu.

"An tashi daga ofis?" ya tambaya, idonsa a lumshe.

"An tashi, Baba. An ma rufe shi."

Ya buɗe ido ya dube ta. Hannunsa na hagu ya lalubo carbi a aljihu. Ya ja 'yan ƙwayoyi, ya tsaya.

"Bassey ya ce shi bai san zancen raga mini a ayo ba, wai tsufa ne ya kama shi. Maƙaryaci." Ya juyo da kai wajenta. "Uwata, kin iya ayo?"

"Na iya."

"Za ki cinye ni?"

"Zan cinye ka, Baba."

"Madalla," in ji shi, ya mayar da idonsa ya rufe.

Wayar ta soma ruri a cikin jaka. Hannayenta biyu na kan audugar.

"Ɗauki mana."

"Bar shi, zai sake kira," in ji ta. "Shagon tayil ne."